Kwamfuta Ba Ta Duban Wata

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana riƙe da sito a wani kamfanin dafa abincin alhazai a Makka. Siton yana can bayan Shisha, inda hanya take fara miƙewa zuwa Mina. Mu kuwa a Hindawiyya muke zaune, hawa na uku a wani tsohon gida mai matsattsiyar matakala. Da aikin hajji kamfanin yana ciyar da tantuna masu yawa a Mina da Arfa, sauran watanni kuma ya koma kai abinci otal-otal na masu umara. Duk abin da zai shiga tukunyar kamfanin sai ya bi ta hannun Baba. Kamfanin ne kuma kafilinsa, mai tsaya masa a wajen hukuma, da sunansu igamarsa take, wato takardar da ta ba shi izinin zama a ƙasar. Ni da Umma da ƙannena mata biyu duk a jikin wannan takarda muke rataye.

A lokacin ina shekara ta biyu a wata makarantar koyon kwamfuta da harkar kasuwanci. Ba ni da surutu. Idan mutane suka wuce uku a ɗaki, sai dai in yi murmushi in kalli ƙasa. Abin da na iya shi ne karatu da jan layi da rula. Ƙannena har tsokanata suke yi wai ko takardar cefane aka ba ni sai na yi mata lambar shafi.

Yadda Baba yake aikinsa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Waya ce da wani littafi mai baƙin bango. Zai kira mutumin ruwa a Jidda, su gaisa, ya tambayi ciwon ƙafarsa, sannan ya ce a kawo shadda kaza, wato ɗaurin kwalaben ruwa. Zai kira mai burodi, mai kaji, mai ƙanƙara, kowa da irin gaisuwarsa. A haka aka yi shekaru, ban taɓa jin an ce alhazai sun kwana da yunwa a tantunan kamfanin ba.

Sai wata shekara, a tsakiyar shekarun nan da ake ta faɗaɗa Harami, manyan dillalan Jidda suka aiko da sanarwa cewa sun daina karɓar oda ta waya ko ta takarda. Kwamfutar mai saye za ta aika wa kwamfutar mai sayarwa kai tsaye, ita kuma ta amsa, babu ɗan Adam da zai karanta a tsakani. To kwamfuta ba ta san “ai ka gane” ba. Kowane abu sai ya zauna a gurbinsa. Akwai gurbin lambar kaya, da gurbin yawa, da gurbin ma'auni, da gurbin ranar kawowa. Ba mu muka ƙirƙiro waɗannan gurabe ba, ba kuma mutanen Jidda ba. Akwai kwamitoci a ƙasashen waje da ba su da wani aiki sai wannan. Ɗaya mutanen Amurka suke bi, ɗaya kuma yawancin sauran duniya, kowanne da littafinsa mai kauri. Ga kuma wata hukuma daban mai raba lambobin nan masu zane-zane da ake gani a bayan kwalba.

Na riga na karanta wani ɓangare na waɗannan littattafai a makaranta, kuma ina jin ni kaɗai ne a ajinmu da suka burge. Abin yakan ba ni sha'awa, a ce dattawa sun taru daga ƙasashe daban-daban, sun yi ta zama suna gardama har sun yarda a kan mene ne kwali, mene ne buhu, mene ne gwangwani, suka ba kowanne haruffa biyu ko uku da ba za su taɓa sauyawa ba. Ina ganin da duniya duka haka take, da irina sun huta da yawan bayani.

Mai kamfanin tsoho ne, Balaraben Makka, ba ruwansa da kwamfuta. Sai ya ɗauko wani matashi ya danƙa masa aikin. Kowa Muhandis yake kiransa, wato injiniya. Mun san shi sarai. Layi biyu ne tsakanin gidansu da namu a Hindawiyya kafin su tashi. Kakarsa, da muke kira Hajiya, Bakatsiniya ce, har ta rasu ba ta iya haɗa jimla uku da Larabci ba, kuma Baba ya sha kai mata buhun shinkafa har ƙofa. Su dai sun sami takardar zama 'yan ƙasa tun zamanin kakansa, shi kuma ya je waje ya yi karatu ya dawo da farin gilashi. Idan aka yi masa Hausa sai ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron ƙarar mota daga nesa, ya amsa da Larabci.

Makarantarmu tana bukatar kowane ɗalibi ya yi horon aiki a wani wuri, Baba ya roƙa aka ɗauke ni a ƙarƙashin Muhandis. Ranar farko ya ce mini aikina ɗaya ne. In zauna da tsohon nan, in kwaso duk kalmomin da yake amfani da su, in daidaita kowacce da lambarta a littafin kwamiti. Tsohon nan ya ce, alhali ya san mahaifina ne.

Wata uku muka yi a kai. Bayan la'asar, in motoci sun lafa, sai mu zauna a kan buhunan shinkafa da butar shayi a tsakaninmu. Ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin na waɗannan watanni ba. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake yi, sai ga ɗansa da biro yana jira.

“Rubuta, malam,” yakan ce. “Masu ruwan nan biyu wa da ƙane ne. Shaddar ruwa a wajen wan kwalba ashirin ce. A wajen ƙanensa arba'in ce. Kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.”

Ya gaya mini wane dillali ne in ya ce kwali yana nufin dozin biyu, wane ne kuma yake ƙirga kaji da nauyi ba da kai ba. Ya gaya mini cewa ɗaurin burodin safe ba ɗaya yake da na yamma ba. Ni kuma in koma gida in duba littafin kwamiti, in nemo gurbin kowace kalma. In ban samu ba, in rubuta bayani a gefe da jan biro. Da na gama, abin ya kai shafi sittin. Na buga shi, na sa masa bango, na kai wa Muhandis da hannu biyu.

Mako biyu bayan haka aka kira taro a ofishin mai kamfani. Ina can baya kusa da ƙofa. Muhandis ya raba kwafi ga kowa, na ga aikina ne, an dai sauya bangon, an sa sunansa da manyan haruffa. Wannan bai dame ni sosai ba, na saba. Abin da ya biyo baya ne ban manta ba. Ya ɗaga littafin Baba mai baƙin bango, wanda ya aro da safe wai zai duba wani abu, ya riƙe shi da yatsu biyu ta kusurwa. Ya ce da mai kamfani, cikin dariya, duk abin da yake cikin wannan da wanda yake cikin kan mai shi yanzu yana cikin na'ura, kuma na'ura ba ta zuwa asibiti, ba ta mantuwa, ba ta ɓata rabin awa tana tambayar lafiyar ƙafar wani. Wasu suka yi dariya. Mai kamfani bai yi ba, amma bai hana ba.

Da aka tashi, Muhandis ya zo ya miƙa wa Baba littafin. Ya sunkuyo kusa da kunnensa, ya yi magana da Hausa tsantsa, irin ta kakarsa.

“Baba, a je a huta haka nan. An gode.”

Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da na ji Hausa a bakinsa.

Takarda ta fito a makon. Baba zai koma bakin ƙofa yana buɗe wa motoci har a gama aikin hajji. Igamarsa za ta ƙare a watan Safar, kuma kamfani ba zai sabunta ba. Mutumin da ya haura sittin ba wani kafili da zai karɓe shi. Ma'anar takardar ita ce mu tattara mu koma garin da Baba ya bari tun yana saurayi, garin da ni da ƙannena ba mu taɓa gani ba sai a hoto.

Umma ta yi kuka, ta yi Allah ya isa. Baba ya ce ta bari, arziki ba a hannun ɗan Hajiya yake ba. Haka yake kiran Muhandis har a lokacin, ɗan Hajiya. Kullum da safe ya sa hularsa ya tafi ya tsaya a rana yana ɗaga wa direbobi hannu, direbobin da a da sai sun jira sa hannunsa. Haƙurin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai. Ni na san da hannun wa aka kwashe shi. Ni na zauna a kan buhu ina cewa “sai me kuma, Baba?” yana ba ni, ina murna ina jan layi.

Ni ba a sallame ni ba, domin ni kaɗai na san lambobin da ka. A farkon Zulƙida Muhandis ya ba ni jerin odar aikin hajji in shigar. Dillalan suna son a aika da wuri saboda su tsara motocinsu. A takardar masu dafa abinci an rubuta komai yadda aka saba, wannan na ranar takwas ga Zulhajji a Mina, wannan na ranar Arfa, wannan na kwanakin jifa. Da na zo gurbin ranar kawowa sai na tsaya. Gurbin ba ya karɓar komai sai kwanan watan Miladiyya, shekara da wata da rana, lambobi takwas a jere. Na tambayi Muhandis yadda zan yi. Bai ko ɗago ba, ya nuna mini kalandar da ke rataye a bango, mai Hijiriyya a sama da Miladiyya a ƙasa, ya ce ko wannan ma sai an koya mini.

Kalandar bango lissafi ce, an buga ta tun bara. Aikin hajji kuwa ba da ita ake yi ba, sai an duba wata a daren talatin, hukuma ta yi sanarwa. Yawancin shekaru sukan dace, wata shekarar kuma a sami bambancin kwana guda. Duk yaron Makka ya san wannan. Baba bai taɓa gaya wa dillali kwanan wata ba. Ranar Arfa yake cewa, shi ma na Jidda Musulmi ne, ya san ranar Arfa in ta zo. Shi ya sa maganar ba ta taɓa fitowa ba a zamanmu na kan buhu, ba ta kuma shiga shafi sittin ɗin nan ba.

Na koma gida na bi littafin kwamiti gurbi-gurbi. Akwai hanyoyin rubuta kwanan wata iri-iri, har da na mako da na zangon shekara. Ban ga inda aka ce “idan an ga wata” ba. Dattawan nan da suka yarda a kan kwali da buhu ba su taɓa tsayawa a kan rufin gida suna leƙen yamma ba.

Washegari na shiga ofis da niyyar faɗa. Na tsaya a gaban teburinsa har na buɗe baki. Ta tagar da ke bayansa ina hango Baba a bakin ƙofa, ya ɗora kwali a ka saboda rana. Muhandis ya ce, “Na'am?” Na ce ba komai, na zo ɗaukar takardar firinta ne.

Na shigar da odar duka da kwanakin kalanda, ɗari da tamanin da wani abu. Kowacce ta tafi, amsa ta dawo, layinta ya koma kore a allo, alamar dillali ya karɓa. Daga nan na fara wani aikin da ba wanda ya sa ni. A littafin kwamiti akwai wani saƙo daban na gyaran oda, mai nasa gurabe da nasa ƙa'idoji, dole ya ambaci lambar odar farko da layin da ake gyarawa. Na zauna a gida na shirya wa kowace oda nata saƙon gyara, na matsar da ranar da kwana guda, na duba sau uku, na zuba a filashi na sa a aljihun jallabiyata. Na kuma karanta yarjejeniyar da aka yi da dillalan, na ga ranar da suke rufe karɓar gyara.

Sauran abin ba a hannuna yake ba. In an ga wata a daren da kalanda ta ce, duk shirina ya tashi a banza. Zan faɗi abin da na yi, tunda na ɗauki alƙawarin ba zan gyara kaina a wannan rubutu ba. Ranar Juma'ar ƙarshe ta Zulƙida na je Harami, na yi ɗawafi a cikin cunkoson baƙi da suka fara cika gari. Mutane a gefena suna kuka suna roƙon gafara da aljanna. Ni kuwa na ɗaga hannu na roƙi Allah Ya ɓoye jinjirin wata.

Ranar ashirin da tara, bayan magariba, muna zaune ana shirin cin abinci, aka katse shirin talabijin aka karanta sanarwa. Ba a ga wata ba, Zulƙida zai cika talatin. Arfa ta matsa da kwana guda.

Baba ko loma bai kai baki ba ya juyo gare ni. Ya tambaye ni da wace rana aka aika odar. Na ce da ta kalanda. Ya yi lissafi da yatsu. Ya ce ke nan ƙanƙara da nono da burodin Arfa za su isa filin ranar takwas, babu kowa sai tantuna, kafin alhazai su zo ƙanƙara ta zama ruwa, nono ya yi tsami a wannan zafi. Ranar ƙarshe a Mina kuma ba motar da za ta zo.

“Gobe da sassafe ka gaya wa ɗan Hajiya.”

Na ce to.

“Ba don shi ba. Baƙin Allah ne za su ci.”

Na sake cewa to.

Ban gaya masa ba. Dillalan za su rufe karɓar gyara da azahar ɗin rana ta uku bayan sanarwar, kuma na san abin da zai faru da safiyar wannan ranar. Kwana biyu na yi ina zaune a kusurwata ina kallon Muhandis. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya san Arfa ta matsa. Kowa a ofis ya sani. A gabana ya kira matarsa ya ce a ɗaga tafiyarsu Ɗa'ifa da kwana guda. Ya ajiye waya, ya dubi allo, ya ga layuka kore reras, ya yi miƙa. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa na'urar ba ta ji sanarwa ba. Da yamma Baba ya tambaye ni, na ce ana kan gyarawa. Ban taɓa yi masa ƙarya ba kafin wannan, kuma na yi mamakin yadda ta fito ba gargada.

Al'adar mai kamfani ce, kwanaki kaɗan kafin a fita Mina, ya tara shugabannin tantunan da yake ciyarwa a babban ɗakin baƙinsa. A sha gahawa da dabino, a yi addu'a, ya tabbatar wa kowa cewa abincinsa yana nan. A wannan shekarar Muhandis ya kafa babban allo a bango domin baƙi su ga sabon tsari. Ni aka sa in riƙa danna masa shafi. Ya yi bayani mai daɗi. Ya ambaci kwamitocin ƙasashen waje kamar tare suke shan shayi. Ya ce zamanin kuskure ya wuce.

Na san ba zan iya magana a gaban mutum ashirin ba, saboda haka tun a gida na buga takarda guda. Layi biyu ne a tsaye. Na dama, ranar da alhazai za su kasance a kowane wuri bisa sanarwa. Na hagu, ranar da kwamfuta ta ce a kai kaya. Da ya kai ƙarshen bayaninsa ana ta masha Allah, na tashi, na ratsa tsakiyar ɗakin na ajiye takardar a gaban mai kamfani. Agogon bango ya nuna ƙarfe goma da 'yan mintuna.

Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa wa Muhandis ya ce ya karanta wa jama'a da ƙarfi.

Ya fara da muryar da ya gama bayani da ita. Ƙanƙara, tantunan Arfa, takwas ga wata. Nono, tantunan Arfa, takwas ga wata. A layi na uku muryar ta ragu. Wani dattijo daga shugabannin tantuna, mai yawan barkwanci, ya ajiye kofinsa ya tambaya ko ƙanƙarar ce za ta yi tsayuwar Arfa a madadin alhazansa, in haka ne a gaya masa ya saya mata harami. Ɗakin ya kwashe da dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba, domin kowa yana tuna mutanen da ke wuyansa.

Na kalli fuskar Muhandis a lokacin, kuma na kalle ta da kyau, ban sunkuyar da kai ba. Gumi ya tsatso masa a saman leɓe. Gilashin ya zamo, ya tura shi, ya sake zamowa. Na daɗe ina jiran wannan, kuma bai gaza yadda na zata ba ko kaɗan.

Ya ce ƙaramin abu ne, yanzu zai gyara. Mai kamfani ya tambayi oda nawa ce, na faɗa. Ya tambayi yaushe ake rufewa, na ce da azahar. Muka ɗunguma ofis, har da wasu baƙin. Muhandis ya zauna a kujerata. Bai taɓa aika saƙon gyara ba, bai ma taɓa buɗe wannan babin ba. Ya yi minti ashirin a kan na farko, ya aika, ya dawo ja. Ya sake, ya sake dawowa ja. Sai ya juyo ya kira ni ustaz, ya ce in taimaka.

Na ce ni ɗan koyo ne. Ko na iya aikawa, ban san wanne ya kamata a fara da shi ba, ban san wane dillali ne motarsa ta riga ta yi lodi ba. Wanda ya sani yana bakin ƙofa. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gaban mutane, kuma na yi kwana biyu ina maimaita ta a banɗaki.

Mai kamfani da kansa ya leƙa ta taga ya kira, “Ya hajj, taho.”

Baba ya shigo yana share gumi da gefen hula. Ya dubi takardar, ya dubi agogo, sannan ya dube ni, kallo ɗaya. Ya ɗauki waya. Ya kira mai ƙanƙara, ya gaishe shi a gurguje, ya kira mai nono, ya kira mai burodi. Dukkansu amsa ɗaya suka ba shi, wallahi ya hajj ba mu da iko ta waya yanzu, sai saƙo ya shigo, amma za mu riƙe motoci saboda kai. Ya ajiye waya ya fara jero mini: ƙanƙara tukuna, sai nono, sai burodi, sai kaji, busassun kaya a bar su ƙarshe.

Na ciro filashin na soka. A nan na yi kuskuren da ban hango ba, duk da lissafina. Aikin da ya kamata ya ci yini guda, na gama shi kafin a kira azahar da sauran lokaci mai yawa. Layuka suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, baƙi suna kabbara, mai kamfani yana dafa kafaɗata. Baba ba ya karanta allo, amma ya san tsawon lokacin da kowane aiki yake ci. Ya dubi filashin, ya fita ya yi alwala.

Aikin hajji ya wuce lafiya, kaya sun isa a ranakunsu. Baba ya koma cikin sito tun a ranar. Muhandis ya ƙarasa kwanakin Mina yana ɓuya a mota, bayan salla kuma aka ce ya sami wani aiki a wani gari. Ba a kore shi ba, kuma har yau wannan yana ɗan ci mini rai. Na so a ce a gaban direbobi aka karɓi katin aikinsa.

A gida kuwa Baba ya daina zama cin abinci tare da ni. Ba faɗa, ba zagi. In na gaishe shi ya amsa, in na zauna ya tuna yana da abin yi. Umma ta yi ta tambaya me ya haɗa mu, ba wanda ya gaya mata.

A farkon Safar aka kira shi ofis ya karɓi sabuwar igama. Ranar ce ni ma na je karɓar takardar shaidar gama horo, sai muka fito tare muka tari tasi ɗaya. Ya zauna a gaba, ni a baya. Ya ciro katin ya duba gaba da baya, ya mayar aljihu ya danne da hannu. Mun wuce rabin hanya kafin ya yi magana, bai kuma juyo ba.

Ya ce mai kamfani ya nemi shawararsa, yana so ya ba ni kujerar Muhandis in na gama makaranta. Ya ce ya gaya masa kada ya ba ni.

Direban ya rage ƙarar rediyo, ko da yake ba ya jin Hausa.

“Tun yaushe ka shirya abin nan na aljihunka?”

“Tun farkon Zulƙida, Baba.”

“Da na ce ka gaya masa, yana aljihunka.”

“Yana nan.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Muka tsaya a danja, wata motar ɗaukar yashi ta tsaya a gefenmu.

“Da an ga wata fa?”

Na san amsar da yake so. Yana so in ce da na haƙura, ko in ce shaiɗan ne, ko in yi kuka. Da na faɗi ɗaya daga ciki, da a daren nan mun ci abinci a faranti ɗaya. Na dubi aljihun da ya danne da hannu.

“Da na nemo wata hanyar, Baba.”

Danja ta ba da hannu. Da muka shigo Hindawiyya ya ce da direban ya sauke shi a bakin masallaci, ko da yake da sauran kusan awa guda kafin la'asar. Ya ce a ƙarasa da ni gida.